Ƙofar da Aka Tura Baya

Mahaifina ya yarda zai dawo gidanmu da zama, amma bisa sharaɗi guda: kada a yi ƙofa tsakanin ɗakinsa da falonmu. A gina masa ɗaki a jikin gidan, da banɗakinsa da tagarsa, ƙofarsa ta kalli waje, bangon da ya raba mu kuwa ya zama bango tun daga ƙasa har sama. Duk mai son ganinsa ya fita ta ƙofar gida, ya zagaya, ya yi sallama kamar kowane baƙo. In ba haka ba, in ji shi, yana nan a benensa har ranar da za a sauko da shi a kafaɗa.

Benen nan kuwa shi ne ciwon kanmu. Hawa na uku ne a wani tsohon gini mai ƙuntatacciyar matakala, ga gwiwoyin Baba sun daɗe da ajiye aiki ba tare da sun nemi izininsa ba. Tun rasuwar mahaifiyata shi kaɗai yake zaune. Watannin baya santsi ya kwashe shi a banɗaki, ya faɗi a bayan ƙofa, jikinsa ya tokare ƙyauren. Maƙwabciyarsa ce ta jiyo nishinsa ta bango, kuma sai da aka nemo mutane suka ɓalle ƙyauren kafin a kai gare shi. Abin takaicin, Baba kafinta ne, shi da hannunsa ya kafa ƙyauren nan, ya kuma kafa shi da kyau. Da ya farfaɗo a asibiti, abin da ya fara tambaya shi ne wane marar imani ne ya fasa masa katako.

Ni dai na ɗauki sharaɗin nasa a taurin kai irin na tsofaffi, na ce a yi masa yadda yake so, in ya so daga baya a san dabara. Malamin tarihi ne ni, na saba da jira abu ya wuce kafin in ce komai a kansa. Matata ba haka take ba. Mai zanen gine-gine ce a wani ofishin masu tsara gidaje; manyan su yi tunani su yi gardama, ita ta zauna gaban kwamfuta ta mai da gardamar tasu layi. Baba yana kiranta Injiniya. Ta gaya masa ya fi a ƙirga cewa ita ba injiniya ba ce, shi kuma ya ce duk wanda magini ke jin tsoron takardarsa injiniya ne, magana ta ƙare.

Ranar da na kawo mata sharaɗin, tana yanka albasa, ba ta ko ɗago ba. Ta ce ita ba za ta zauna a falo tana kallon bango ba, tsoho yana kwance a ƙasa a ɗaya gefen, ita tana lalubar takalmi da makulli ana zuba ruwan sama. Ƙofa dai za a yi. Baba zai ga zane babu ƙofa, magini zai ga zane da ƙofa, in aka zuba linta a saman ƙofar Baba ya riga ya saki ɗakin benen, sai ya yi faɗansa na kwana biyu ya huce. Na ce ai zai zo duba gini. Ta ce da waɗanne gwiwoyin? Na tuna mata cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Sai a lokacin ta ajiye wuƙar ta kalle ni da jajayen idanu, ta ce ita ba ƙarya za ta yi ba, ko layi ɗaya ba za ta goge ba, zane guda ne.

Da la'asar ta buɗe kwamfutar a teburin cin abinci, ta ce in jawo kujera in ga yadda zane guda ke zama biyu.

Ashe a sana'arsu ba a sake zana ƙofa ko gado ko kujera duk lokacin da ake bukata. Sau ɗaya ake zanawa, a dunƙule layukan wuri guda a ba su suna, sai a riƙa dangwala shi duk inda ake so kamar hatimi. Bulok suke ce masa. Kuma bulok na kirki yana da abin da ita take kira mayafi, wani farin fili daidai girman abin, wanda ido ba ya ganinsa, amma yana rufe duk abin da ya shiga ƙarƙashinsa. Shi ne ke hana layukan tayil ratsawa ta tsakiyar gado. Sai abu na uku, wanda shi ne ƙashin bayan makircin: komai na cikin zanen a jere yake, wani bisa wani, kamar takardu a kan tebur. Tana iya ce wa wannan zo gaba, ta ce wa wancan koma baya.

Ta ɗauko bulok ɗin ƙofa ta aza a kan bangon da ke tsakaninmu da Baba. Mayafin ƙofar ya rufe guntun bangon, sai ga hanya ta buɗe tas. Ta latsa wani abu, ta tura ƙofar baya, bangon ya haɗe a kanta kamar ba a taɓa yi ba. Na yi salati. Ta ce in rage murna, in duba da kyau.

Bangon ya haɗiye bakin ƙofar, amma bai haɗiye ƙyauren ba. A zane, ana nuna ƙyaure da miƙaƙƙen layi, sannan a ja masa wani lanƙwasasshen layi mai nuna inda zai bi in an buɗe shi. Su biyun suna nan tsirara a cikin falonmu, sun fito daga jikin bangon da ba shi da ƙofa. Na ce to a juya shi ya buɗe ta ɗakin Baba, a saka gado a kai. Ta girgiza kai. Ta wajenmu zai buɗe, ta ce, ba za a sake ɓalle ƙyaure a kan tsohon nan ba.

Nan fa aka shiga rufa-rufa. Ta jawo bulok ɗin doguwar kujera ta jingina da bangon, sai wurin ya zama farin fili fetal, babu ƙyaure, babu tayil, babu kujerar ma kanta. Wani abokin aikinta ne ya haɗa bulok ɗin, ya bar mayafin a saman layukan maimakon ƙasa, kujera ta lulluɓe kanta da kanta. Ta yi masa addu'ar shiriya da wata irin murya da ba ta yi kama da addu'a ba, ta shiga cikin bulok ɗin, ta tura mayafin baya, ta fito. Kujera ta bayyana da hannuwanta da matasanta. Sai dai ƙofar ta fi kujerar faɗi, don haka bakin lanƙwasasshen layin ya leƙo ta gaba kamar wutsiyar ɓera. Ta ƙara girman mayafin, ya cinye layukan tayil, kujera ta zauna a tsakiyar farin tabo da ko makaho zai tambayi dalilinsa. Ta mai da shi yadda yake, ta nemo kafet. Kafet ya hau kan kujera. Ta tura shi baya, ya zarce har ƙarƙashin wutsiyar ɓeran. Sai da ta jera su ɗaya bayan ɗaya, ƙofa a can ƙasa, bango a kanta, kafet, sannan kujera a sama, ta kuma ƙara ɗan teburi don kada kafet ɗin ya zama maraya.

Na ce tun da muka yi aure falonmu bai taɓa yin arziki irin na yau ba. Ta ce in ba ni da abin yi in je in duba tukunya.

Kwamfutar kuma tana da wani hali na 'yan tsegumi. Duk abin da aka taɓa a ƙarshe sai ya yi tsalle ya dawo gaba. Ta ɗan gyara faɗin ƙofar, tana ɗagowa sai ga ƙofa ta haye kan kujera tana kallonmu. Saboda haka duk takardar da ta buga sai ta kai bakin taga ta bi ta da ido layi-layi, tana motsa leɓe. Ina kallonta daga kicin, tausayi ya kama ni. Matar da in aka ba ta canji fiye da nata a kanti sai ta koma da ƙafa, ita ce yau take ɓoye ƙofa a ƙarƙashin kujera saboda mahaifin wani.

Na kai wa Baba takardarsa. Ya shimfiɗa ta a kan gado, ya saka gilashi, ya bi bangon da yatsa daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya gyaɗa kai. Har na fara sauke ajiyar zuciya, sai ya ce layukan sun yi masa ƙanana, ya ji an ce a cikin akwatin Injiniya ana iya ƙara musu girma, kuma yana da gyare-gyare. In zo in ɗauke shi ranar Asabar. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan.

Ranar Asabar bayan azahar na sauko da shi, matakala ɗaya hutu ɗaya, yana riƙe da kafaɗata yana gaya mini cewa ni ne ke jawo mana jinkiri. A gida matata ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo masa ruwa, ta ajiye masa kujera mai hannu a gefenta. Ni na tsaya a bayansu, wurin da ya dace da mai laifin da bai iya komai ba.

Da farko abin gwanin sha'awa. Ya ce a faɗaɗa taga, ta faɗaɗa. Ya ce gado ya koma inda rana ba za ta dake shi da safe ba, ta kama gadon da linzamin kwamfuta ta ja, gado ya sulale zuwa ɗaya bangon, layukan tayil suna ɓacewa a gabansa suna dawowa a bayansa. Baba ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ta sake. Ta sake. Ya ce a zamaninsu in mai gida ya canja shawara kan gado, sai ƙarti huɗu sun yi gumi. Ya nemi wurin akwatin kayan aikinsa, ya nemi soket kusa da matashi saboda rediyo. Rabon da in ga fuskarsa a sake haka tun mahaifiyata tana da rai.

Sai idonsa ya tsallake bangon ya shigo falonmu. Ya dubi allon kwamfutar, ya waiwaya ya dubi falon na gaske, inda doguwar kujerarmu take ƙarƙashin taga tun ranar da muka tare. Ya tambayi dalilin da ya sa aka mai da ita jikin bangonsa. Matata ta ce ai zane ne kawai, Baba. Ya ce zane ba ya zama kawai. Shi yana tari da asuba, tari mai muni, kuma yana magana da rediyo. Duk wanda ya zauna a nan ya jingina kansa da bangon zai riƙa jin komai. A janye ta, da kafet ɗin da teburin, su koma can nesa.

Ta dube ni. Ni kuma na ga fankar silin tana bukatar a duba ta. Tana iya cewa caji ya ƙare, tana iya cewa kwamfutar ta sanƙare, ai tana yi. Amma ban taɓa jin ta ce wa Baba a'a ba, kuma ƙaryar baki ba ta cikin abin da ta iya. Ta ɗora hannu a kan linzamin. Teburi ya tafi. Kujera ta tafi. Ta ɗan dakata da ta zo kan kafet ɗin, sannan ta ja shi.

Miƙaƙƙen layi da lanƙwasasshen layi suka rage, sun fito daga cikin lafiyayyen bango.

Baba ya cire gilashinsa, ya goge da bakin riga, ya mayar. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana kafa ƙofofi daga zanen mutane ba ya bukatar a gaya masa abin da wannan lanƙwasa take nufi.

“Fito da ita in gani,” ya ce.

Ta latsa. Ƙofar ta taso gaba, bangon ya buɗe. Baba ya matso, ya ɗora babban yatsansa a kan allon ya auna bakin ƙofar, ya kai yatsan kan ƙofar ɗakin girkinmu da ke cikin zanen ya sake aunawa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

“Wannan faɗin ba na mai tafiya da ƙafafunsa ba ne.”

“Na keke ne, Baba,” ta ce, muryarta can ƙasa.

“Kuma ta wajenku take buɗewa.”

“Saboda in an faɗi a bayanta…”

Na shirya wa hadari. Na san faɗan Baba, yana farawa ne a hankali kamar tafasar ruwa. Amma sai ya jingina da kujera, ya kalli hannuwansa, ya soma ba ta wani labari da ni ɗansa ban taɓa ji daga bakinsa ba, duk da a gabana aka yi shi.

Lokacin ina ƙarami, da kakata, mahaifiyarsa, ta tsufa, ya ɗauko ta ya ajiye a ɗakin da ke jikin namu. Shi da kansa ya fasa bangon, ya yi ƙyaure da katako mafi kyau a shagonsa, ya kafa. Duk wanda ya shigo sai ya sa masa albarka, ana cewa ga ɗa na gari. Da gari ya waye sai ya saɓi jakarsa ya tafi shago, ya bar mahaifiyata da ƙofar. Kaka tana kira a ba ta ruwa, tana kira a juya ta, tana kira a gaya mata wanda ya wuce ta taga. Daga baya da hankalinta ya fara gushewa, sai ta riƙa kira babu dalili, in an zo ta manta abin da take so, an juya baya ta sake kira. Shekaru aka yi a haka. Mahaifiyata ba ta taɓa cewa uffan ba. Bayan an binne Kaka ma, in mahaifiyata tana cikin cin abinci sai ta zabura ta nufi ɗakin da babu kowa. A jinyarta ta ƙarshe, in ji Baba, takan farka ta kama hannunsa ta ce ya sake ta, ana kira.

Yana faɗa ina ganinta, tsaye a bakin kicin, kwano a hannu, kunne ɗaya a karkace. Duk ƙuruciyata na ɗauka haka take son cin abincinta. Kunya ta rufe ni, irin wadda ba ta da wurin ɓuya.

“Yabon nawa ne, wahalar tata ce,” Baba ya ce. Ya nuna ni da haɓa ba tare da ya juyo ba. “Wannan zai tafi makarantarsa da safe yadda na riƙa tafiya shago. Ke ma kina da aikinki, na sani, amma na san wanda zai fara barin nasa. Ke za a bar wa ƙofar, 'yata. Na yi wa mace ɗaya, ba zan yi wa ta biyu ba.”

Matata ta goge fuskarta da gefen mayafinta.

“Baba, bango ba zai hana ni ji ba. Zai dai hana ni zuwa da wuri.”

Ya zuba wa zanen ido har na fara tunanin zai ce in mai da shi benensa, kuma na san in ya faɗa babu mai tanƙwara shi. A raina ina ta lissafin matakalar nan, da santsin banɗakin nan, da maƙwabciyar da ba kullum take gida ba.

Can sai ya tambayi irin ƙyauren da take niyyar sakawa. Ta ce irin na kasuwa. Ya yi tsaki, ya ce waɗannan kwalaye da aka shafa wa fenti ba za su shiga ɗakinsa ba, shi zai yi ƙyauren da kansa tun hannuwansa suna jin maganarsa, in kawo masa katako da hinji uku, don ƙyaure mai wannan faɗin biyu ba sa riƙe shi. Na nemi kujera na zauna. Sannan ya ce saura sakata. Matata ta yi maza ta ce ai dole, za a saka masa ta ciki, duk lokacin da ba ya son damu ya rufe abinsa.

“Ba ta wajena ba. Ta wajenki.”

Ta juyo ta kalle shi.

“Yanzu da hankalina nake gaya miki, ga mijinki nan shaida. Ranar da kika ji na fara kira babu dalili, ba ni ba ne. Ki tura sakatar, ki ci abincinki a zaune.”

Ta yi ƙoƙarin kaucewa, ta ce ai ba a zana sakata a irin wannan zanen, ta yi ƙanƙanta. Ya ce ta zana. Kuma ta kawo ta gaba, can saman komai, inda babu kujera ko kafet da za su hau kanta. A zama ɗaya ya gane yadda ake sana'ar tasu.

Ta zana ɗan ƙaramin akwati a jikin ƙyauren. Hawaye suka hana ta ganin allon, ta share, ta latsa, sakatar ta hau saman komai. Baba ya matso da fuskarsa har gilashinsa ya kusa taɓa allon, ya tabbatar tana ta wajenmu, sannan ya ce in kira magini ya zo ranar Litinin.